Bebiyar Da Ta Kawar Da Kai

Yaran da ake turo mana daga jami'a su koyi aiki duk tambayarsu ɗaya idan suka shigo ɗakina. Su dubi kujeru, su dubi tabarma da labule, sai su ce, "Hajiya, ina kayan aikin?" Wani ma da bakinsa ya gaya mini ya zaɓi karatun halayyar ɗan'adam ne don babu jini, babu allura; zama ne kawai a yi hira a ƙarƙashin fanka har wata ya ƙare. Na dube shi sama da ƙasa na ce Allah ya shirye ka. Ban ga laifinsa sosai ba, don mutanen Daura ma haka suka ɗauke ni shekara da shekaru. Likitar surutu suke ce mini, wasu a bayan idona, wasu a gabana. To, ku gyara zama in ba ku labarin surutun, ku ji ko za ku iya.

Kayan aikin da kuke nema ga su nan kuna kallo. Tabarmar nan ba ta salla ba ce kaɗai. Idan wanda shan-inna ya kama ya shigo yana jan jiki da takalma a hannu, ba za ka ɗare kujera kana leƙo shi daga sama ba. Ƙasa za ka sauko ku yi daidai. Tagar nan kuwa ni take haska wa, ba baƙona ba. Kurma da ido yake ji, in ka ba haske baya ka toshe masa kunne na biyu. In makaho ne, kafin ka ce komai sai ka gaya masa duk wanda yake cikin ɗakin, kada wani ya lafe a lungu yana shan sirrinsa bai sani ba. Sai tsohuwar rediyon can da ke kan benci a waje. Lokacin da aka dawo da shari'ar Musulunci a jiharmu, na daina rufe ƙofa ruf idan namiji ne a ciki, kuma hakan ya yi mini daidai. Amma ƙofa a buɗe, masu jiran layi kunnuwansu kamar faranti. Sai na riƙa kunna musu rediyo, su ji labaran duniya su bar mini na mutane.

Aikin farko da ya zauna mini a kai, ina koyo ne a hannun wani dattijo, Dakta Lawal, Allah ya jiƙansa. Mu biyu ne ɗalibansa, ni da wani saurayi mai rawar kai. Aka kawo wani makaho mai saƙar igiya, ƙanensa na riƙe da sandarsa. Abokin koyon nawa ya gyara biro, ya dubi ƙanen ya ce, "Yana samun barci? Yana cin abinci? Tun yaushe ya daina fita?" Ƙanen yana ta amsawa tiryan-tiryan. Can sai makahon ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗan nan, ga ni nan fa. Ban mutu ba." Dakta bai yi faɗa ba. Ya sallami ƙanen ya je ya sha iska, ya ja kujera kusa da makahon ya ce, "Malam, me ya kawo ka?" Ashe mutumin nan ba makanta ce ta dame shi ba, ya saba da abarsa tun yana yaro. Ƙanen ne ya hana shi zuwa kasuwa wai don tausayi, ya mayar da shi kamar kayan ɗaki. Da suka tafi Dakta ya ce mana, "Wanda ya biya kuɗin mota ba shi ne mai zuwa wurinku ba. Ku riƙa tantance wa kuke yi wa aiki." Na yi shekaru a ƙarƙashinsa, amma in aka matse abin da na koya, wannan ne.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ita ce wadda ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, fara kuma ta zo ta ƙarasa saura. Kotunan shari'a ba su daɗe da kafuwa ba, mutane sun gane cewa alƙali ba ya yanke wa mutum hukuncin rashin hankali sai ya ji daga asibiti. Sai ga mutane suna yi mini sallama da 'yan'uwansu, wannan gurgu, wannan mai in'ina, wannan mai farfaɗiya, kowa da buƙata ɗaya: in shaida cewa ba shi da hankali, don a karɓi gonarsa ko shanunsa a riƙe masa. Wallahi na sha mamaki a shekarar nan. Mutum da rawaninsa da carbinsa ya zauna a kujerar can ya ce mini, "Likita, ai kin gan shi dai, ba sai an wahalar da ke ba." In ce masa ƙafa ce ta shanye, me ya haɗa ta da ƙwaƙwalwa? Sai ya yi mini kallon wadda ba ta san aikinta ba. Na ɗauka na gama ganin abin al'ajabi, sai aka kawo mini Indo.

Daga wani ƙauye ne a bayan Babban Mutum. Mace ce siririya, ba za ta wuce shekara talatin ba, sanƙarau ya tafi da jinta tun tana ƙarama, magana ma ba ta tsaya ba. Mijinta ya rasu a damunar da ta wuce, ya bar ta da 'ya ɗaya, Marka, yarinya da ta fara famfara. Wanda ya kawo su yayan mijin ne, Malam Sale, manomi a Baure, kuma a lokacin yarinyar tana gidansa. Ya shigar da ƙara yana neman a ba shi riƙon Marka ɗungurungum, a kan cewa uwar ba ta da hankalin reno. Mahaifiyar Indo ta rasu, ba ta da 'yar'uwa mace da za a miƙa wa. Alƙali ya turo yana tambayata abu ɗaya: matar nan tana da hankalin riƙon 'yarta ko babu? In na ce babu, Marka ta bar hannun uwarta ke nan.

Malam Sale ba azzalumin da kuke zato ba ne. Gaskiya ne gonar marainiya tana bin wanda yake riƙonta, kuma shekarar ta yunwa ce, ban ce wannan bai ratsa zuciyarsa ba. Amma da ya fara magana na ga ya yarda da abin da yake faɗa har cikin ransa.

"Likita, ba sharri nake yi mata ba, Allah shi ne shaidata," in ji shi. "Matar nan ba ta san 'yarta ba. Ba a taɓa ganin ta ɗauke ta tana yi mata wasa a cikin mutane ba. Abinci ma sai ta ba maƙwabciya ta miƙa mata. A gaban alƙali aka tsayar da yarinyar, aka yi mata nuni, wace ce wannan? Ta juya mata ƙeya. Bari ki gani da idonki."

Kafin in hana shi ya jawo Marka ya tsayar a gaban uwar, ya nuna ta da yatsa, ya juya tafin hannunsa sama alamar tambaya. Indo ta sunkuyar da ido, ta kawar da kai gefe, ta ja bakin mayafinta ta rufe baki. Ya sake. Ta sake yin haka.

"Kin gani? Cewa take ba ta san ta ba."

Abin ya dame ni, ba zan ɓoye muku ba. A aikinmu uwar da ba ta gane ɗanta ba ƙaramar alama ba ce, kuma yarinya ma tana da haƙƙi a kaina. Kada ku taɓa ɗauka cewa kare mai naƙasa yana nufin rufe ido daga abin da ka gani. Amma abin da na gani kawar da kai ne. Sauran duk daga bakin Malam Sale ya fito, wanda yake ƙarar ta.

Na ce masa ya ɗauki yarinyar su jira a baranda. Ya ware ido. "To wa zai fassara miki? Ni kaɗai nake gane maganarta."

"Malam, kai ne mai ƙara. Ba za ka zama bakinta ba."

"Yanzu ni za ki ce zan yi mata ƙarya?"

"Ban ce ba. Ko kai ne aka kai ƙara, ba zan bar abokin shari'arka ya yi maka tafinta ba."

Ya fita yana ƙunƙuni. Na aika aka roƙo mini wata malamar makarantar kurame, Malama Binta, wadda ba ta san kowa a cikinsu ba. Na sa ta yi mini alkawarin abin da ta gani a ɗakin nan a nan zai tsaya. Kuma kada ku zaci da zuwanta magana ta buɗe. Maganar hannu ta makaranta daban, ta ƙauye daban. Indo da mutanen gidansu suka ƙirƙiri tasu tun tana yarinya. Sai da muka zama ɗalibanta tukuna. Mu nuna mata abu, ta nuna mana yadda take kiransa. Zuwa bayan zuwa, Malam Sale yana ƙorafin kuɗin mota da aikin da ya bari, ni kuwa na ce alƙali ya jira.

Aikin da ya fara cin mana safiya guda shi ne neman yardarta. Ba na gwada mutum sai ya san ko ni wace ce, wa ya turo shi, ina maganarsa za ta je, kuma ya san yana iya ƙi. Malama Binta ta zagaya hannu a ka, rawani ke nan, alƙali. Indo ta gyaɗa kai, ta zana layi a ƙasa da yatsa, ta nuna gefe da gefe. Muka dubi juna. Iyakar gona take nufi. Ashe duk zuwanta kotu, ta ɗauka a kan iyakar gonar mijinta ake yi. Zaman Marka a Baure kuwa ta ɗauka don tana takaba ne aka rage mata nauyi, in an kwana biyu za a dawo da ita.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An kai mace kotu, an zauna a kanta, an yi ta maganar raba ta da 'yarta tana tsugune a wurin, kuma babu mahaluki ɗaya da ya ga ya kamata a gaya mata. Ba mugunta ce ta hana su ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Bai zo musu a rai ba ne sam.

Malama Binta ta ce, "Hajiya, mu gaya mata kuwa? Kada ta rikice su ce ga shi nan."

Na ce, "Shari'arta ce. Gaya mata."

Da ta gane, ba ta yi ihu ba. Ta dafe ƙirji da hannu biyu, ta zame daga kan kujera zuwa tabarma, ta yi ta kallon bakunanmu ɗaya bayan ɗaya kamar za ta ga an ce wasa ne. Muka sauko muka zauna tare da ita. Ranar ban tambaye ta komai ba. Da za su tafi ta kama hannuna ta nuna kanta, ta nuna ɗakin, ta yi alamar gobe. Wannan ita ce yardar da na samu, kuma da ba ta ba ni ba da na mayar wa alƙali cewa ban gwada ta ba.

Littattafan gwajin da ke cikin kabad ɗin can ban taɓa su ba. An shirya su ne don mai ji, wanda ya yi boko. In ka auna Indo da su ka auna kurumtarta ne ka kira shi hankali. Na tambaye ta abin da rayuwarta ta ƙunsa. Ta nuna mini yadda take gane lokacin salla da inuwar katanga. Ta nuna mini abin da take yi in yaro ya yi zazzaɓi, da lokacin da jiƙo ba ya isa sai asibiti. Ta nuna mini yadda take kwana da zare ɗaure daga hannunta zuwa ƙafar jariri, don in ya motsa ta farka. Ta kuma gaya mini wasu abubuwa na zaman aurenta waɗanda ba su shafi tambayar alƙali ba. Alƙali bai ji su ba, ku ma ba za ku ji ba.

Sai muka zo kan mutane. Kowa a ƙauyensu yana da suna a hannun Indo, kuma matar nan akwai tsiya. Malam Sale, sai ta ja gemu gefe ɗaya ta tsuke fuska, wallahi kamar shi. Maƙwabciyarta, sai ta buɗe hannu tana rufewa kusa da baki, mai surutu ke nan. Ni kaina ta riga ta raɗa mini: tabarau a kan hanci. Muka yi dariya, karo na farko a ɗakin. Na tambaye ta ko ta taɓa wata haihuwar. Ta ce e, namiji, bayan Marka, bai yi rai ba. Sunansa? Ta sa babban yatsa a baki, mai tsotso, hawaye suka zubo mata. Ba ta ɓoye ba, ba ta kawar da kai ba.

Na ce wa Malama Binta, "Tambaye ta sunan marigayi mijinta."

Indo ta sunkuyar da ido, ta kawar da kai gefe, ta ja bakin mayafi ta rufe baki.

Alamar nan ce sak, wadda Malam Sale ya fassara da "ban san ta ba". Mutum biyu ne kaɗai a duniya Indo take yi wa ita, mijinta da Marka. To ku gaya mini, ku da kuka tashi a ƙasar Hausa: sunan wa da wa ne mace ba ta faɗa? Na miji, da na ɗan fari.

Malama Binta ta riƙe baki. "La'ilaha illallahu! Hajiya, kunya ce! Wallahi ni ma ban kawo ba."

Kunyar 'yar fari ce kawai. Abin da kowace uwa take yi daga nan har Dutsi har cikin Nijar: ba ta kiran sunan, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, abinci ma ta bi ta hannun wani. Ni kaina 'yar fari ce, Innata ta koma ga Allah ba ta taɓa kirana da sunana ba, daga "ke" sai "waccan". In mai ji ta yi haka sai a ce kai, wance akwai alkunya, 'yar mutunci ce. Bebiya ta yi, sai kotu guda ta Hausawa, da alƙali da magatakarda da masu kallo, kowa uwa ce ta haife shi, suka ce hauka ne. Sai a lokacin na lura da inda idonta yake zuwa kullum in muna zaune. Gilashin kabad ɗin can yana nuna baranda, daidai inda Marka take zama. Duk zaman da muka yi, yarinyar ba ta taɓa fita daga idonta ba.

Na nemi izininta in gaya wa alƙali. Ta yarda, amma ta ja gemu gefe ta girgiza kai: kada a faɗa a gaban Malam Sale. Na so in ce mata to, don in kwantar mata da hankali. Amma ba a yi wa mutum alkawarin abin da ba ya hannunka. Na gaya mata kotu ba ta jin ɓangare ɗaya a ɓoye, zai ji, kuma har yanzu tana iya hana ni. Ta daɗe tana kallon gilashin kafin ta gyaɗa kai.

Ranar zaman, na roƙi alƙali abu ɗaya kafin in fara: Malama Binta ta tsaya inda Indo za ta gan ta, duk abin da aka faɗa a ɗakin a mayar mata. Ya yarda. Dattijo ne mai sanyin magana. Na yi bayanina, ban ƙara ba, ban rage ba: na gwada ta a kan abin da ya shafi reno, ban ga alamar taɓin hankali ba, kawar da kan kuwa ga abin da yake nufi. Alƙali ya cire tabaransa ya ajiye. Ya yi salati a hankali, ya dubi magatakardansa, magatakarda ya dubi ƙasa.

Malam Sale ya miƙe. "Allah ya gafarta Malam, ina da magana. Kunya ai ta mai hankali ce, kuma da kunne ake koyonta. Ina bebiya ta ji ana kunyar ɗan fari? Wa ya gaya mata?"

Har yau maganar nan tana damuna, don ba shi kaɗai ba ne. Na ga kawuna suna gyaɗawa a bayansa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, tana da ido. A cikin mata ta girma."

"To in ta san ta, ta nuna," in ji Malam Sale. "Ga yarinya nan. Ta faɗi sunanta da hannun nata kowa ya gani."

Na ce ban yarda da wannan gwajin ba. Babu kotun da za ta tsayar da mace mai ji ta ce sai ta kira sunan ɗan farinta a bainar jama'a kafin a bar mata shi. Don me za a nemi haka a wurin Indo? Alƙali ya ce maganata gaskiya ce, ba zai tilasta mata ba, bayanin asibiti ya ishe shi. Malam Sale ya ce to shi bai gamsu ba, zai ɗaukaka ƙara, kuma yana roƙon yarinya ta ci gaba da zama a hannunsa har a gama.

Hannun Malama Binta ya tsaya. Ta waiwayo ni, idonta yana tambaya ko ta tsallake wannan. Na san abin da take gudu, ni ma shi nake gudu. Na ce mata, "Duka."

Ta mayar mata duka. Indo ta kalli hannuwan har suka sauka. Ta kalli alƙali, ta kalli Malam Sale. Sai ta miƙe.

Ba wanda ya ce ta tashi. Ta saki bakin mayafin da take riƙe da shi, ta taka zuwa inda Marka take, ta durƙusa. Ta kama haɓar yarinyar ta ɗago, ta dube ta ido cikin ido, a gaban maza, a gaban yayan mijinta. Ta ɗaga hannun dama sama, ta sauko da shi yatsun suna karkaɗawa kamar zubar ruwan sama, ta kife tafin a kan ƙirjinta. Ta juya ta yi wa alƙali. Ta juya ta yi wa Malam Sale, a hankali, don kada ya ce bai gani ba. Wani sauti yana fita daga maƙogwaronta wanda ita ba ta san yana fita ba.

Matan da ke zaune a baya suka rufe fuskokinsu. Na ji wata tsohuwa tana cewa, "Wayyo Allah, an sa ta. An sa baiwar Allah." Alƙali ya kawar da kansa gefe, kamar wanda ya yi karo da mace ba lulluɓi.

Malam Sale ya tsaya baki buɗe. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ruwa ne. Ana tsakiyar marka aka haife ta, ranar har katangar gidanmu ta faɗi. Ni na sa mata Marka." Ya laluba bayansa ya zauna. "Allah ya gafarta Malam, na janye."

Kuna jira in ce muku na fito ina murna. Ban fito ba. Indo ta samu 'yarta, amma sai da ta tuɓe abin da ta riƙe tun ranar haihuwa, abin da ake yabon kowace mace a kansa, don kawai mutane sun kasa yarda bebiya tana da shi. Ta ja mayafi ta lulluɓe har fuska, ta fita yarinyar tana bin ta a baya. Ba ta dubi kowa ba, har ni. Wani ɗalibi ya taɓa tambayata, da mun tsallake mata maganar ɗaukaka ƙarar fa, ai da ba ta yi ba. Na ce haka ne, da ba ta yi ba. Da kuma mun zama kamar sauran, masu zaɓa mata abin da za ta sani. Ita ta auna, ita ta zaɓa, kuma 'yarta ce.

An yi shekaru, a 'yan kwanakin nan da nake dab da ajiye aiki, wata matashiya ta yi sallama a ƙofar nan da goyo a bayanta, tare da ƙanwar mijinta. Sun kawo jariri rigakafi ne, ta ce bari ta leƙo ko ina nan. Ban gane ta ba sai da ta ɗora yatsu biyu a kan hanci, tabarau, tana dariya.

"Marka ce, Hajiya. Inna tana gaishe ki, tana nan lafiya."

Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, har Malam Sale, wanda ta ce shi ya yi mata waliyyi. Sai na ce, "Innar taki tana kiran ki da ruwan saman nan kuwa?"

Ta girgiza kai. "Tun ranar ba ta sake ba. In tana nemana sai dai ta buga ƙafa a ƙasa ko ta aiko wani. Sau ɗaya ke nan na taɓa ganin sunana, Hajiya. Amma na gan shi."

Na leƙa goyon, yaro ne jawur yana barci. Na ce, "Masha Allah. Na fari ne? Me sunansa?"

Marka ta sunkuyar da ido, ta kawar da kai gefe, ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Ƙanwar mijin ta buɗe baki za ta faɗa mini, na ɗaga mata hannu na ce ta bar shi. Na riga na ji amsar.